Lokotoro Afra'u da Na'ura Mai Saurare

Afra'u Mahmudu 'yar Tibiri ce. Tun muna lakwal, wato makarantar boko, benci ɗaya muke zama ni da ita, don haka yawancin abin da zan faɗa a nan daga bakinta na ji shi. Mahaifinta, Alhaji Mahmudu, mai sayar da kayan gyaran babur ne, yana cikin waɗanda suka fara wa'azin sunna a unguwarsu, kuma ba ya son a ambaci bori a gabansa ko da wasa. Kakarta ta wajen uwa kuwa, tsohuwa Kubra, daga wani ƙauye kusa da Lugu ta fito, har ta mutu ba ta daina kiran doguwa, iskar bori, da sunanta ba. Afra'u ta tashi tsakanin su biyu. Ta bi ubanta a addini, amma ta iya harshen kakarta. Idan mace ta ce mata iska ce ta taɓa ta, ba ta dariya, ba ta kuma yin wa'azi, sai ta tambaye ta tun yaushe abin ya fara.

Da ta gama karatun likita a Yamai aka tura ta wani gidan likita na karkara a yankin Dogon Kiriya. 'Yan ɗakuna ne a bakin hanyar yashi, da rumfar kwano inda marasa lafiya ke jira, da rijiya a baya. Ita kaɗai ce lokotoro a wurin. Akwai Mahaman, majo, wato shugaban masu jinya, wanda ya girme ta nesa ba kusa ba, ya kuma daɗe a yankin har yana jin Fulatanci. Akwai ungozoma da mai ba da magani. Mutane na zuwa a amalanken jaki, wasu a babur, wasu da ƙafa tun daga rugage. Ba ta cika shekara ba sunanta ya zagaya ƙauyuka, ana cewa sabuwar lokotoro tana barin mutum ya gama maganarsa.

Abin da ya fara cin ƙarfinta takardu ne. Kowane furoje, wato shirin masu ba da tallafi, da ke taimaka wa gidan likitan yana da irin rapor, wato rahoton, da yake so. Masu kawo abincin yara masu tamowa da nasu, masu gidan sauro da nasu, masu rigakafi, masu kula da mata masu ciki, ga kuma na hukuma da ake kaiwa Dutsi a ƙarshen wata. Yaro guda mai zazzaɓi sai an rubuta shi a manyan littattafai daban-daban, sannan a sake shigar da shi kwamfuta idan akwai rezo, wato sabis ɗin waya, idan babu a jira. Duk wanda raporsa ya yi jinkiri sai ya bugo waya, da farko cikin ladabi, daga baya a tuna mata cewa maganin wata mai zuwa ya dogara ne da alƙaluman wannan watan. Da damina, lokacin da zazzaɓin sauro ke cika rumfar har mutane su kwanta a gindin itace, a lokacin ne kuma wayoyin suka fi yawa.

Sannu a hankali ta koma duba mutane kanta a sunkuye, hannu yana rubutu, kunne yana tsintar abin da zai shiga layin takarda. Ta rame. Ta daina kirana, idan na kira kuma sai ta ce za ta neme ni, ba ta nema. Mijinta yana koyarwa a Dutsi, ya kan zo ƙarshen mako ya tarar da ita cikin littattafai, ya koma ba su yi wata hira ba. Ta gaya mini cewa akwai safiyar da ta tsaya a ƙofar ɗakin duba marasa lafiya da makulli a hannu, tana jin tarin mutane da kukan yara a rumfa, ta rasa abin da zai sa ta buɗe. Wata rana kuma wani dattijo ya zo yana ba ta labarin gwiwarsa tun daga shekarar da ya faɗo daga raƙumi, sai ta katse shi ta ce ya faɗi abin da ke damunsa yau, akwai mutane a waje. Dattijon ya yi mata godiya, ya ɗauki sandarsa ya fita ba tare da magani ba. Ta ce abin da ya tsorata ta shi ne ba ta ji komai ba a ranar, ko kunya.

Ana cikin haka wata farar mota ta kawo Abdulbasit, saurayi ɗan gari mai fara'a, ma'aikacin wani sabon furoje. Ya fito da wata na'ura mai kamar babbar salula, wato wayar hannu, ya jingina ta a teburinta. Ya ce ƙirƙirarriyar basira ce a ciki: za ta saurari hirar lokotoro da marar lafiya da Hausa, ta rubuta bayanin da Faransanci, ta cika kowane rapor da kanta, idan kuma an yi kuskure wajen awon magani ta yi ƙara. Afra'u ta tambaye shi ina muryoyin mutane ke zuwa bayan an saurare su. Ya ce ana goge su da zarar an gama rubutu, sunaye ma a ɓoye suke, kuma manya sun sa hannu a kan haka. Ta tambaya wa ke gogewa. Ya yi dariya ya ce ita ce lokotoro ta farko da ya ga tana gardama da hutu. Zuciyarta ba ta kwanta ba, amma ta gaji, sai ta ce ya bar ta.

Na'urar ta yi aikin da aka ce za ta yi. Kafin la'asar rapor ya kammala, sai dai ta karanta ta gyara. Ta ɗago kai ta koma kallon fuskokin mutane. Da ta zo Tibiri bikin ƙanwarta na ga ta murmure, har ta zauna muka yi hira irin ta da. Duk wanda ya shigo ɗakin ta kan gaya masa cewa wannan abin yana ji yana rubutawa. Yawanci su kan ce to, wasu su gaishe da na'urar don raha. Amma ta lura wasu matan sun rage murya, waɗanda a da suke buɗe mata ciki su yi maganar iska da mafarki da abin da ke tsakaninsu da mazajensu, yanzu ciwon kai kawai suke kawowa.

Da fari na'urar ba ta san iska ba. Mace ta ce iska ta taɓa ta, sai ta rubuta cewa sanyi ya shiga ƙirjinta. Afra'u ta yi ta gyarawa. Bayan wani lokaci kuskuren ya ɓace, na'urar ta koma rubuta cewa marar lafiya tana danganta ciwonta da iskoki, har tana bambanta doguwa da sauran. Mahaman ya yaba, ya ce abin ya fi wasu ɗalibai saurin ɗaukar karatu. Ita kuwa tambaya ce ta tsaya mata: idan ana goge komai, da me ta koya?

Wata ranar kasuwa, rumfa a cike, aka kawo yarinya mai zazzaɓi. Afra'u ta faɗi awon maganin da za a ba ta, sai na'urar ta yi ƙara. Ta duba, ta ga awon yaron da ya fita kafin wannan ta maimaita, shi kuwa ya ninka yarinyar a nauyi. Ta gyara, uwar ma ba ta san abin da ya faru ba. Daga ranar ta san cewa ta fara dogara da abin da ba ta yarda da shi ba.

Bayan kaka ne abin ya faru. Kaltume, wata dattijuwar Bafulatana da Afra'u ke duba wa hawan jini, ta kawo ɗanta Abdussalamu, magidanci mai mata da 'ya'ya, da sara a cinya wanda ya kwana biyu har ya fara ruɓa. Mahaman ya shigo yana wanke mikin. Zazzaɓi ya sa Abdussalamu ya saki baki. Ya ce ɓarayin shanu ne suka faɗa musu a makiyaya, kuma ya gane ɗaya daga cikinsu, ya faɗi sunansa da na ƙauyensu. Ya ce sun janye shanun zuwa wani kwari, ya faɗi sunan kwarin. Uwar tana ta taɓa shi tana cewa ya yi shiru. Na'urar na kan tebur a kunne. Har yau Afra'u ba ta iya tuna ko ta yi musu gargaɗin da ta saba yi, domin hankalinta na kan ƙafar.

Mikin bai warke ba masu kaki suka je kwarin nan, daga can suka biyo ruga suka tafi da Abdussalamu, wai za su tambaye shi inda ya samu sara da yadda aka yi ya san ɓarayi. Labari ya bazu a rugage cewa akwai wani abu a teburin lokotoro da ke kai rahoton Fulani. Ranar kasuwa ta zo babu makiyayi ko ɗaya a rumfa. Ranar rigakafi ungozoma ta yi ta jiran matan ruga da jariransu har rana ta take.

Kaltume ce kaɗai ta dawo, ita ma ba ta shiga ba. Ta tsaya a bakin rijiya ta aika a kira lokotoro. Bayan gaisuwa ta ce, "Lokotoro, abu guda na zo tambaya. Wancan abin da ke bisa teburinki, wa ke ji bayan ke?"

Afra'u ta faɗa mata abin da Abdulbasit ya ce, cewa ana gogewa, sunaye kuma a ɓoye suke.

"Wannan gaya miki anka yi," in ji Kaltume. "Ni, ke nike tambaya, ɗiyata. Ki rantse mini da Allah babu mai ji."

Afra'u ta ce, "Inna, ban iya rantsuwa bisa abin da ban gani ba."

Kaltume ta dube ta. Sannan ta ce ta gane, ta gyara ƙwaryar da ke kanta ta kama hanya. Afra'u ta bi ta da maganin hawan jininta, ta karɓa ta wuce.

A makon nan ta shiga motar kasuwa zuwa Dutsi, ta sami Abdulbasit a ofishinsu. Da ya ji labarin ransa ya ɓaci, kuma ta ce ba ta ga alamar yana yi don ta gani ba. Ya buɗe mata kwamfuta ya nuna mata: lambobi ne kawai, babu suna, babu murya. Ya rantse babu wani mai kaki da ya taɓa taka ofishin. Ya ce muryar tana tafiya ne wata babbar na'ura a wata ƙasa, ta dawo a rubuce, can ake gogewa. Ta tambaye shi ko ya taɓa gani da idonsa an goge. Ya ce wannan aikin kamfanin da ya ƙera ta ne, shi abin da aka koya masa yake faɗa. Don ya kwantar mata da hankali sai ya ƙara da cewa gidan likitanta ne kan gaba a duk yankin, ta fi kowa ba marasa lafiya lokaci, sai dai ranakun kasuwa da yamma muryarta kan nuna gajiya, ya kamata ta riƙa hutawa.

Ta tambaye shi wa ya gaya masa.

Ya ce na'urar tana auna irin wannan ne don kare likitoci daga gajiyar aiki, alheri ne aka nufa. Ta ce ranar da ya kawo ta bai faɗi haka ba. Ya ce daga baya aka ƙara. Ta yi masa sallama ta fito, tana tunanin me kuma aka ƙara daga baya wanda shi ma bai sani ba.

A hanyar dawowa, mota na tangaɗi cikin yashi, wani tunani ya zo mata wanda ba ta so ba. Ba na'urar kaɗai ce ta ji maganar Abdussalamu ba. Mahaman yana ɗakin. Ƙauyen da aka ambata kuwa nan ne garin surukansa. Idan yana son ya kare wani, hanya mafi sauƙi ita ce a fara kama mai shaida. Ta tuna kuma tagar ɗakin, wadda ke buɗewa kai tsaye cikin rumfa, inda kowa ke zaune yana jira ba shi da aikin yi sai saurare.

Ta fara lura da Mahaman, mutumin da matarsa ke aiko mata tuwo tun ranar da ta sauka. Tana duba da wa yake tsayawa a kasuwa, wa yake kira idan ya zagaya bayan ɗakin magani da salularsa. Bai ɗauki lokaci ba ya gane. Wata rana bayan an sallami mutane ya tsaya a ƙofa ya ce, "Lokotoro, in ni kike zargi, ki faɗa mini a ido."

"Majo, ban san wa nike zargi ba," in ji ta. "Shi ne abin da ke damuna."

Ya ce ya yi aiki da mutanen rugagen nan tun kafin ta shiga lakwal, babu wanda ya taɓa cewa ya fitar da sirrinsa. Ya ce na'urar ce, shi dama tun farko bai yarda da ita ba. Afra'u ta tuna cewa shi ne ya fi kowa yaba ta, amma ba ta faɗa ba. Mai yiwuwa ɓacin rai ne ya sa ya manta, mai yiwuwa kuma wani abu ne daban. Ta rasa wanne za ta ɗauka.

Da rani aka saki Abdussalamu, ba a same shi da laifi ba. Ya zo yana ɗingishi don a duba ƙafar, ya ce a duba shi a waje, a inuwar ɗakin magani. Ta tambaye shi abin da aka tambaye shi a can. Ya ce sun riga sun san sunan kwarin, sun san sunan wanda ya gane, da ya tambayi inda suka ji sai aka ce ba shi ke tambaya ba. Ta ce ko ya faɗa wa wani bayan ranar da aka kawo shi. Ya yi tunani ya ce bayan ranar dai a'a, amma a hanyar zuwa, zazzaɓi na kansa, bai san abin da bakinsa ya faɗa ba, kuma sun tsaya shan ruwa a ƙauye. Iyakar abin da ta samu ke nan, kuma ba ta ƙara samun wani ba har yau.

Sai ta yanke shawara ita kaɗai. Ta ɗauke na'urar daga ɗakin duba marasa lafiya ta kai ɗakin ajiya, a gaban idon mutanen da ke rumfa don su gani su ba da labari. Idan an watse sai ta je ta zauna ta karanta mata da bakinta: shekarun marar lafiya, ciwonsa, maganin da aka ba shi, babu suna, babu ƙauye. Ta sa kafinta ya yi wa tagar marfi. Ta kuma roƙi Mahaman ya riƙa fita idan ya gama aikin hannu kuma marar lafiya yana da magana. Ya ce to, bai yi gardama ba. Tun ranar gaisuwa ce kawai tsakaninsu, tuwon matarsa ma ya daina zuwa.

Furoje bai ji daɗi ba. Abdulbasit ya ce ba haka aka tsara ba, rapor ɗinta yana zuwa da gurabe a buɗe, domin kowane mai ba da taimako yana son ya san ƙauyen da ciwo ya fito. Dole ta koma cike guraben da hannu, wayoyi suka dawo, rabin tsohon nauyin ya dawo kanta. Awon magani kuwa yanzu sau biyu take lissafawa, wani lokaci ta bi uwa har rumfa ta karɓi takardar ta sake dubawa. Matan ruga sun fara dawowa da yaransu, Kaltume ma tana zuwa karɓar maganinta. Mazan dai har yanzu sun fi son su yi doguwar tafiya zuwa wani wurin. An gaya mata cewa nan gaba za a wajabta wa kowane gidan likita barin na'urar a kan tebur, wanda ya ƙi a janye masa tallafin. Na tambaye ta me za ta yi idan ranar ta zo, ta ce ba ta sani ba.

Da bazarar da ta wuce na je na kwana biyu a wurinta. Ta sake ramewa, amma ba kamar da ba. Muna zaune a tsakar gidanta bayan azahar, na fara gaya mata wani ciwo da ke damuna wanda ban faɗa wa kowa ba. Ta ɗaga hannu ta tsayar da ni. Ta ɗauki salularta da tawa ta kai madafa, ta kife musu kwano, ta dawo ta zauna ta ce in ci gaba. Na yi dariya, ita ba ta yi ba. Ban kai rabin maganar ba muka ji ƙara daga ƙarƙashin kwanon. Ta bari ta katse, aka sake kira, sai ta tashi ta je. Abdulbasit ne yana tambayar rapor ɗin wata. Na ji tana ce masa saura na masu ciki da na tamowa, zai samu gobe idan rezo ya dawo.